Taswirar Tanimu Ta Jiƙe a Penang

Shekara talatin yana awon filayen mutane,
ya san inda gonar kowa ta tsaya.
Yau ga shi a bakin titi a Penang
yana juya taswira kamar mai juya waina.
Na ce, “Tanimu, mu yi tambaya.”
Ya ce, “Ladidi, ni fa ɗan safiyo ne.”
Na ja bakina na ɗinke.

Sai muka bi hanci, muka bar takarda.
Hayaƙi na tashi a ƙofar ɗakin bautar Sinawa,
sandunan turare masu kaurin taɓarya
suna ci a hankali, ba mai yi musu gaggawa.
Taku kaɗan, ƙararrawar Indiyawa,
gumaka masu launi sun hau kan juna har sama
kamar jeren kwalla a ɗakin kakata.
Ban gama ƙirga su ba ladan ya ɗaga murya
daga farin masallacin can gaba.
Titi ɗaya fa!
Ba wanda ya waiga sai mu biyu.
Mai sayar da ruwan kwakwa ta ci gaba da ƙirga canjinta.

Hadarin garin nan ba ya sallama.
Kafin mu kai inuwa ya gama da mu,
tituna suka narke a tafin hannun mijina,
teku ya malalo cikin unguwanni,
sannan igiyar takalminsa ta ce ita ma ta gaji.

Ƙarƙashin wata baranda mai dogayen ginshiƙai
muka tarar da tsoho Boon Hock da allurarsa,
tabarau ɗaure da zare a bayan kunne.
Bai tambayi daga ina ba.
Ya nuna benci, ya miƙo hannu, ya karɓi takalmi.
Matarsa ta fito da shayi kofi uku,
ta dire nasa da ƙarfi, tana ta zuba masa faɗa.
Ko kalma ɗaya ban ji ba,
amma na gane duka:
bai sha maganinsa ba, kuma ya zauna a iska.
Muka haɗa ido da ita.
Ta taɓe baki wajen nata, na taɓe wajen nawa.

Da ruwa ya tsagaita aka ba mu duriyan.
Warinsa, daddawa ce ta kwana a rana;
a baki kuwa, madara da zuma da ɗan gulma na albasa.
Tanimu ya rantse ba zai taɓa ba.
Ya ci uku.

A kwanar masu fure, Selvarani na zaune
tana kitsa yasmin da zare, ba ta ko duban yatsunta.
Mutumin da bai taɓa shigo mini da fure ba,
sai buhun shinkafa da rasit ɗin makaranta,
ya tsaya da ɗinkakken takalminsa
yana lalube a jiƙaƙƙen aljihu.
Ya ba da kuɗi fiye da kima, ta maido masa biyu.
Ta nuna gashinta, ta dubi mayafina, ta yi dariya,
ta naɗa mini a wuyan hannu.
Shi kuwa ya kafa wa wata fitilar titi ido
kamar an aiko shi ya auna tsawonta.

Magariba ta kawo Pak Rosli da kekensa mai laima.
Ya ce, ina muka nufa?
Tanimu ya dubi dunƙulen takardar da ke hannunsa,
ya dube ni, ya ce, “Ke faɗa masa.”
Ni ma sunan masaukin ya ɓace mini.
Na nuna inda iska ke kawo ƙanshin gishiri,
muka matsu a kujerar da ba ta ishe mu ba,
gwiwarsa mai ciwo a jikin tawa,
furen yana ta ɓarewa a kan zanena.